16 bit ko 24 bit, da wanne ya kamata mu riƙa ɗauka?

Sani Rumde: Assalamu alaikum jama'ar gida, ya zafi. Dan Allah manyanmu ina da tambaya kuma kar a min dariya. Na ɗauki waƙar bege ta wani yaro a nan Garwa, murya uku da amshi da mandiri, na tura wa wani a Kano ya haɗa min, shine ya dawo min da saƙo wai me ya sa na ɗauka a 16 bit, wai nan gaba in ba 24 ba kar in sake turo masa aiki. Ni kuma shekara biyar kenan ina wannan sana'a ban taɓa leƙa wurin nan ba, yadda na samu kwamfutar haka nake ta aiki. Da gaske akwai bambancin da kunne ke ji ko dai iyayi ne irin na mutanen birni?

DJ Ɗan Kusuri: wslm. Iyayi ne wlh. Duk faifan CD da aka taɓa bugawa a duniya 16 bit ne 44.1, tun da Sony da Philips suka fito da shi 1982, wa ya taɓa cewa CD ba ta da sauti? Kuma waƙar nan taka ina za ta ƙare, ba wajen masu tura waƙa a bakin kasuwa ba? su matse ta ta koma MP3 mega uku a tura ta Xender a saurara a wayar da sifikarta ta fashe ko a kan mashin ɗin ɗan kilando yana gudu iska na kaɗawa. Wa zai ji 24 bit a nan

Bashir Domayo: ni dai kullum 320 nake fitarwa, ya fi 16 ɗin da 24 ɗin duka

DJ Ɗan Kusuri: hhhhh Bashir Allah ya shirye ka

Kawu Injiniya: Wa alaikumus salam. Bashir ɗana ka haɗa kasuwa biyu. 320 ɗinka kilobit ne a daƙiƙa, wato yawan bayanan da MP3 ke ci bayan an matse sauti an zubar da wani abu daga ciki. Sani kuwa zurfin bit yake tambaya, na WAV, tun kafin a matse. MP3 ba ta ma da tsayayyen zurfin bit irin wannan.

Bari in faɗa muku yadda na fahimce shi, mu da muka fara da kaset a gidan rediyo kwamfuta ta zo ta same mu da furfura. Kat son ɗinka, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, tana auna ƙarfin abin da ke fitowa daga mikro sau 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa, kowane awo ta rubuta shi da lamba. A 16 bit lambobin da take da su 65,536 ne. A 24 bit 16,777,216. In awo ya faɗo tsakanin lamba biyu dole ta ja shi zuwa mafi kusa, to wannan ɗan kuskuren shi ke zama shuuu a can ƙasa. Kowane bit ɗaya da ka ƙara yana tura shuuu ɗin ƙasa da kusan desibel 6. Ku lissafa, 16 ya ba da 96, 24 ya ba da 144. Rufin ɗakin ɗaya ne, sifili, ba mai wuce shi. 24 haƙa daɓen ɗakin ta yi ya yi zurfi. Ba ta ɗaga rufi ba, kuma ba ta ƙara wa murya zaƙi ko kaɗan.

DJ Ɗan Kusuri: To Kawu ai ka goya min baya kenan. Ni ɗakina in na kunna mikro ba kowa a ciki mita tana tsayawa wajen -50 saboda fanka da gurup (janareta) ɗin maƙwabcina da manyan motocin da ke haura gadar Ngeli dare da rana. Shuuu na -96 ina ruwana da shi, ai an binne shi tuni

Kawu Injiniya: Rabi na goya maka. Wajen sauraro gaskiyarka ne, 16 ta isa har ta yi yawa. Wajen ɗauka ne muka rabu. Abin da ba ka lissafa ba shi ne mutum ba ya ɗauka a bakin rufi, dole ka bar sarari a sama don ba ka san lokacin da mawaƙi zai ɓarke ba. In ka bar desibel 18 a sama ka yar da bit uku kenan, 16 ɗinka ta koma 13, kusan desibel 78. Sai ka zo haɗawa ka sa kwamfuresa, mai rage tazarar da ke tsakanin ƙaramin sauti da babba, ka ɗaga murya ka ƙara mata haske a sama, duk abin da ke kwance a ƙasa yana tasowa tare da ita. Shi ya sa mutanen zamanin 16 suka saba cika gen, wato ƙarfin shigar sautin mikro, har allura na lasar ja, kuma wannan ɗabi'ar ce ke ɓata aiki har yau.

Isa Bidiyo: Kawu wlh kamar kana wurin. Bara na je ɗaukar wani biki a nan Marwa, ranar kamu, aka ce in ɗauki sautin daban don amarya na son a yi mata faifai. Na saita gen lokacin da mai kalangu ke ɗan taɓawa a hankali maroƙi na gyaran murya, na ga mita na kai -3 na ce alhamdulillah ya cika. Ashe ba a fara ba. Da uwar ango ta shigo fili ta fara liƙa masa sababbin jaka-jaka a goshi sai mutumin nan ya matse kalangun a hammata ya sake shi da duk ƙarfinsa, wata tsohuwa da ke tsaye dab da mikro ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, ni ina can ina bin amarya da kyamara ban ga jan da ya kama ba. Da na dawo gida na buɗe fayil ɗin sai na ga wurin a miƙe sama da ƙasa kamar an yanka da reza, in ka saurara kamar ana yaga atamfa. Kuma daidai wurin da suka fi so kenan, inda ake kiran sunan kakanninta. Na kwana biyu ina shafa masa fulogin, 'yar manhajar gyaran sauti, bai dawo ba, ƙarshe rabin kuɗin na karɓa kuma har yau in na haɗu da yayan amaryar a kasuwa sai in canza layi

Anti Maryam Gaundere: Ayya Isa sannu. Amma in tambaya, da a 24 ka ɗauka ba zai fashe ba?

Kawu Injiniya: Zai fashe mana Maryamu, in dai gen ɗin nan ne. Na ce rufi ɗaya ne. Amfaninta shi ne da a 24 yake da bai ji tsoron sauke gen ba. Ya bar kalangu na yawo a -18, guɗa ta zo ta kai -6 ta wuce lafiya, ya dawo gida ya ɗaga abinsa ba shuuu. Kamar tela ne da ya yanka wa yaro riga ya bar ƙari a ciki, in ta yi yawa a rage, in ta matse kuwa sai dai sabon yadi.

Kuma kar wani ya ɗauka 144 ɗin nan yana samunta da gaske. A takarda ne. Na'urar kanta tana da nata shuuu na lantarki, masu kyau ma wajen 110 zuwa 120 da 'yan kai suke tsayawa. Amma ko hakan ya fi ƙarfin duk wani ɗaki da muke da shi daga nan har Abeshe.

Malam Habu Digel: Salam. Ni matsalata daban ce, wuri. Ni nake ɗaukar tafsirin masallacin unguwarmu a Injamena duk azumi, awa biyu kullum. Na taɓa gwada 24 sai memori ta cika tun ba a gama goman tsakiya ba. Magana ce kawai ba kiɗa ba, ina ganin 16 ta wadatar ko?

Anti Maryam Gaundere: Malam bari in lissafa maka don ni ma na sha wannan da wasan kwaikwayon rediyo da muke yi. Layi ɗaya a awo 48,000 a daƙiƙa, 16 bit na cin mega 5.76 a minti, 24 na cin 8.64. Awa biyu kenan kusan mega 690 da kuma giga ɗaya da ɗan kai. Kwana 30 wajen giga 21 da giga 31. Bambancin giga 10 ne a duk watan, ka duba ma ko ba sitiriyo kake ɗauka ba alhali mikro ɗaya ne, don in haka ne ninki biyu kake ci a banza

Malam Habu Digel: Subhanallah, sitiriyo ne kuwa. Ban taɓa lura ba

Anti Maryam Gaundere: To ka gani. Kuma ni a ganina tafsiri ya fi waƙa buƙatar 24 ma. Alaramma mai jan baƙi yana ɗaga murya masallaci ya amsa, malam kuma dattijo ne in ya zo fassara wani lokaci kamar raɗa yake yi ya juya kai ya bar mikro, sai can mutane su ɗau kabbara gaba ɗaya. Tsakanin raɗar da kabbarar akwai nisa sosai. Mu ma haka, a fitowa ɗaya mace na kuka a hankali miji ya buga ƙofa ya daka tsawa. Tun da na koma 24 na daina cewa 'yan wasa su maimaita don tsawa ta fashe, wanda da sai mu yi sau huɗu har haushin gaske ya kama su

DJ Ɗan Kusuri: Anti ku kuna da diski. Ni waƙa ɗaya layi 20 minti 5, a 24 mega 864 kenan a 16 kuma 576. In zan tura wa mai haɗawa da wannan intanet ɗin namu ai sai in sayar da akuya

Isa Bidiyo: ka mayar da su FLAC mana, ba ya zubar da komai kuma yana riƙe 24 ɗin, girman yana raguwa sosai musamman layin murya da rabinsa shiru ne. Kuma ka tura a matsayin dokiman in ta WhatsApp ne kar ka yi kuskuren tura shi kamar saƙon murya

Bashir Domayo: To ni yanzu na gane. Na shiga manhajar haɗa sauti ta FL Studio na ga akwai 32 fulot ma, shikenan na koma can tunda ya fi 24, ba sauran fashewa

Kawu Injiniya: Bashir kai kullum babbar lamba kake bi kamar mai cin gwanjo. Tsaya ka ji, abu biyu ne nan ma.

A cikin kwamfuta, eh. FL Studio da Audacity da Cubase da sauransu a fulot suke lissafi, Reaper ma 64 yake haɗawa da shi. Fulot lamba ce mai matsar da kanta, bit 24 na riƙe awon bit 8 na faɗin girmansa, shi ya sa faɗinsa ya haura desibel 1,500, abin da ba shi a duniya. Ma'ana in layi ya wuce sifili a cikin haɗi bai lalace ba, ka ja masta, babban maɓallin ƙarar haɗin, ƙasa ya dawo garau. In za ka fitar da layuka ka kai wa wani, ko ka fitar ka sake shigowa da su, 32 fulot ko 24 duk daidai ne, in dai layin bai wuce sifili ba.

Amma a bakin ƙofa, inda sauti ke shigowa, kat son ɗinka ce ke hukunci. In ita 24 ce, ko ka zaɓi 32 a manhaja abin da ta auna a 24 shi za a zuba a babban buhu. In ya fashe a wurinta ya fashe. Fayil ya ƙara girma da kashi ɗaya cikin uku, ba ka samu komai ba. Waɗanda ke ɗaukar 32 fulot na gaske su ne irin Zoom F3 da F6 da MixPre II na Sound Devices, ana haɗa ma'auni biyu ko fiye a ciki, ɗaya na kama ƙaramin sauti ɗaya na kama babba, na'urar ta ɗinke su.

Isa Bidiyo: Irin wannan na ara wajen wani abokina ranar hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗo, F3, ko maɓallin gen na kirki ba ta da shi. Algaita da kakaki da ganguna ga dawakai ga bindigar gargajiya. Da na buɗe a kwamfuta wurin bindigar ya haura sama ya fita daga allo gabana ya faɗi na ce an kuma, sai na ja shi ƙasa kawai ya dawo da siffarsa cif. Wlh sai da na tashi na zaga ɗaki

Kawu Injiniya: Ga irin aikinka ita ce magani, fili, ba maimaici, hannunka na kan kyamara. Sai dai ka sani in mikro ɗin kansa ya ƙoshi, ka manna shi a bakin kakaki, ba fulot ɗin da zai cece ka. A studiyo kuwa inda za ka ce wa mawaƙi ɗan gwada inda ka fi ɗaga murya kafin a fara, ban ga dalilin kashe kuɗin ba.

Sani Rumde: Na gode ƙwarai Kawu. To waɗanda na riga na ɗauka a 16 fa, in na mayar da su 24 na sake tura masa?

DJ Ɗan Kusuri: hhh ka yi haka wlh ba zai gane ba

Anti Maryam Gaundere: Kar ka biye wa DJ. Sifili takwas kawai za a jera a ƙarshen kowace lamba, kamar ka juye kwano ɗaya na gero a buhu ka ce ka yi buhu. Ka bar su yadda suke, shi in ya shigar da su manhajarsa ai a fulot za ta yi aiki da su. In ba su fashe ba kuma ba shuuu ba abin da zai hana waƙar yin kyau, faɗa masa haka

Malam Habu Digel: Akwai wani akwati da nake gani wajen fitarwa an rubuta dita, ban taɓa taɓa shi ba. Menene shi?

Kawu Injiniya: Malam ka san matsalar canji a ƙasashen nan namu. Ka ce mai shago ba shi da silalla ƙasa da sefa 25, kaya kuma na 110 ne. In kullum 100 yake karɓa, kullum shi ke asarar 10, kuskuren na bin hanya ɗaya. In kuwa wani lokaci ya karɓi 100 wani lokaci 125 ba tare da tsari ba, sau uku wancan sau biyu wannan, a ƙarshen wata lissafi ya zauna a 110. To haka in za ka sauko daga 24 ko fulot zuwa 16, in ka datse kawai kuskuren yana bin sautin, a wutsiyar eko ko inda waƙa ke mutuwa a hankali sai ka ji wani ƙazanta kamar yashi. Dita ɗan shuuu ne siriri da ake zubawa da gangan kafin a datse don kuskuren ya watse ya zama iska mai laushi. Sau ɗaya ake sa shi, a ƙarshen ƙarshe, lokacin da za ka fitar da 16. In 32 fulot kake fitarwa ba ruwanka da shi.

Kuma misalin nan shi ne amsar masu fitar da kiɗa a 16 su shigo da shi su ɗora murya su sake fitarwa a 16 su sake shigowa. Kowane zagaye mai shago na cin canjinka.

DJ Ɗan Kusuri: To ni dai na je na gwada don kar a ce taurin kai ne. Na fitar da waƙa ɗaya sau biyu, 24 da kuma 16 da dita, na jera su a Audacity na kifar da ɗaya don su cinye juna. Abin da ya rage ban ji komai ba sai da na ƙure hedifon na ƙara gen kusan 60 sannan na ji shuuu kamar ruwan sama daga nesa, ba murya ba kiɗa a ciki. To ina bambancin da ake ta faɗa

Kawu Injiniya: Madalla, gwaji mai kyau ka yi, kuma abin da ka samu daidai ne. Gamammiyar waƙa ka gwada. Gobe ka gwada ɗaya ɓangaren, ka sauke gen ka yi raɗa a mikro ta tsaya wajen -45, sau ɗaya a 16 sau ɗaya a 24, ka ɗaga su duka ka sa kwamfuresa. Amma ka kashe fanka ka jira maƙwabcinka ya kashe gurup, in ba haka ba su za ka ji a duka biyun ka dawo ka ce Kawu ya yi ƙarya.

DJ Ɗan Kusuri: a wannan zafin na watan huɗu in kashe fanka? Kawu so kake a ɗauke ni a sume

Anti Maryam Gaundere: ku zo Gaundere ku sha sanyi ku yi aiki hankali kwance

Sani Rumde: Jama'a wata sabuwa. Na shiga zan canza zuwa 24 na ga ba ya zaɓuwa a wajen kat son ɗin, 16 kawai ke nan. Behringer UM2 ce, wadda na sayo a Mubi

Isa Bidiyo: ai ita iyakarta kenan, 16 bit 48, haka aka ƙera ta, UMC22 ma haka. UMC202HD ce ke 24, ko Scarlett na Focusrite

Sani Rumde: Innalillahi. To kenan duk surutun nan ni ba ni ciki

Kawu Injiniya: Kana ciki mana. Shekara biyar tana ciyar da kai, ba yau za ta zama shara ba. Ka sa mawaƙi ya matso kamar tafin hannu ɗaya daga mikro, ka sa shi ya yi inda ya fi ƙarfi tukuna, ka saita ƙololuwar ta tsaya wajen -10, kar ka sauka can ƙasa irin na masu 24 kuma kar ka kai ja. Mandiri ka ba shi sarari fiye da murya don dukansa na zuwa ba sallama. Aikin cikin manhaja ka bar shi a fulot, in za ka tura layukan da ka riga ka taɓa ka fitar da su a 24. Ka rataya barguna a bango, ka cire cajar kwamfuta ka ji ko zzzz ɗin nan zai tafi, don sau da yawa daga nan yake. In Allah ya hore ka canza.

Bashir Domayo: Sani ina da Scarlett Solo da ba na amfani da ita tunda na sayi mai ƙofa biyu, maɓallin gen ɗin ya ɗan yi sako-sako amma tana aiki, in kana so in ba direban Marwa ya sauke maka a tasha

Sani Rumde: nawa

Bashir Domayo: zo ta ciki mu yi magana kar DJ ya ɓata min ciniki

DJ Ɗan Kusuri: Sani ka tambaye shi ko 320 ce

Malam Habu Digel: Anti Maryam na mayar da shi mono na sa 24, memorin ta nuna min awa 61 a giga 32. Ta kai ni sallah kenan in Allah ya so, sai dai in malam ya ja doguwar addu'a ranar rufewa